Rasuwar Genowefa Mai Murya Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wata 'yar kunya da za a zo kanta nan gaba, Leszek Gawron na hawa na huɗu, gini mai lamba sha ɗaya a unguwar ma'aikatan siminti ta garin Opole, yana sanar da dangi, maƙwabta da ɗaukacin 'yan Ƙungiyar Tsofaffin Kwamfutoci rasuwar kwamfutarsa, Genowefa. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, tana da shekara talatin da takwas. Ta cika a kan teburin kicin, tsakanin kofin shayi da kwalbar kokwamba, saura kwana huɗu bikin auren 'yarsa, inda aka shirya za ta yi waƙa.

Marigayiya ta shigo ƙasar nan a 1988, naɗe cikin bargo a jakar wani kawu da ke aikin gini a Jamus. An raɗa mata sunan gwaggon Leszek, domin su biyun idan suka buɗe baki sai an ji su har ƙasan bene. Mace ce mai haƙuri da koya wa wasu haƙuri: takan ɗauki minti goma sha biyu tana karanta kaset, ta kai ƙarshe ta ce ba ta gane ba, a sake. Ba ta taɓa leƙen asirin kowa ba, ba ta taɓa neman a sabunta ta ba. Abin da ta iya a ranar farko, shi ta iya har ranar ƙarshe.

Amma darajarta a maƙogwaro take, wato wata 'yar baƙar ƙwayar sauti mai ƙafafu ashirin da takwas, mai fitar da murya uku kacal. Masana sun san babu ƙwaya biyu masu murya iri ɗaya. Ta Genowefa tana da wata 'yar dishewa idan ta sauka ƙasa, "tiu-tiu-wooom, brrr," kuma a kan wannan dishewar Leszek ya tsara waƙar da ya yi zawarcin Danuta da ita a 1989. Ya kinkimi talabijin ɗin da ake jona kwamfutar da shi a ka har gidansu don ta saurara. Ta saurara, ta aure shi. Tun daga nan duk ranar tunawa da aurensu sai ya kunna, kuma duk shekara sai ya yi hawaye a daidai "wooom" ɗin.

Kowa a ƙungiya ya san aƙidar Leszek: komai na asali. Takardar hatimin kamfani tana nan manne a jikin marigayiya, yana tinƙahon ba a taɓa buɗe ta ba. Da sabbin ƙwayoyi na kwaikwayo suka fito, surukinsa Rysiek, ƙanin Danuta, ya shiga haɗa su a garejinsa. Leszek ya ce masa, "Suruki, wannan ai akuya ce aka koya wa karatu." Bara ma an gwada shi. Aka jera Genowefa da wata kwamfuta a bayan labule, bai cika daƙiƙa biyar ba ya nuna tasa, ya ce, "Ga murya! Waccan kuwa kukan roba ne." Aka yi ta tafi. Rysiek ya fice waje yana tari, aka zaci hassada ce ta shaƙe shi. A ranar Leszek ya rantse a gaban jama'a cewa 'yarsa Jagoda ba za ta shiga zauren biki da muryar jabu ba, sai da muryar da ta auro uwarta.

Jinyar ajali ta faro ne daga tsohuwar tiransifomarta, ɗan akwatin da ke ba ta wuta. An faɗa masa, an maimaita, cewa irin waɗannan idan suka tsufa sukan saki wuta fiye da kima su ƙone komai. Jagoda har sabuwa ta sayo masa, ta ce, "Baba, don Allah, ko na sati ɗaya." Ya ce ba za a ɗaura wa tsohuwa zuciyar yarinya ba. Ranar Talata ya kunna don gwajin ƙarshe. Marigayiya ta ɗauko waƙa lafiya, ta kai tsakiya, ta ce "tiu-tiu," ta ce "kh," allo ya yi baƙi, wani siririn hayaƙi ya tashi mai warin ƙonanniyar roba. Ba ta kai ga "wooom" ba.

Babu yadda za a yi, sai aka kira Rysiek ya duba gawa. Leszek da kansa ya yanke hatimin. Aka ɗaga murfi. Ciki duk ya soye. Abu ɗaya ne ya tsira, kuma shi ne abin kunyar da aka ambata a sama: a gurbin maƙogwaro, maimakon baƙar ƙwaya, wani ɗan koren allo na kwaikwayo ne zaune daram, da harafin R an karce a gefensa da ƙusa.

Leszek ya dubi allon, ya dubi surukinsa. Rysiek ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Ni dai umarni na bi. Ka san yayata."

Danuta ba ta ko ajiye dankalin da take ferewa ba. Ta ce, "Shekara shida ke nan, tsoho. Lokacin da aka kwantar da kai wata guda saboda ciwon baya. Gidan ya yi shiru, na so in ji waƙata, na soka waya a ramin da ba nata ba. Shi ke nan muryarta ta mutu."

Leszek ya ce, "Hatimin fa?"

"Tururin butar shayi. Muka ɓare, muka mayar, kamar ambulan."

Daga nan sauran bayani ya fito. Rysiek ya yi mako uku yana daidaita dishewar, Danuta na tsaye a kansa tana cewa ƙara, rage, har ta ce yauwa. Ita kuwa kwamfutar bayan labule, mai kukan roba, ƙwayarta ta asali ce tun 1985. Tarin Rysiek ba na hassada ba ne, dariya yake dannewa.

Marigayiya ta rasu ta bar maigidanta, wanda bai fito daga banɗaki ba sai da shayi ya huce. Da uwargida Danuta, wadda ta tabbata ita ce mai kunne a gidan. Da sandunan wasan kwamfuta biyu, ɗaya ba ta juyawa hagu. Da kaset ɗari da arba'in marayu. Da talabijin ɗin zawarci. Da tiransifomar da ta kashe ta, wadda har yanzu ba ta nuna nadama ba. Ta kuma bar ɗan koren allo, ɗan riƙo, da ƙoshin lafiya. Rysiek ya dasa shi a cikin kwamfutar nan ta bayan labule, ya kunna a kicin. Leszek ya juya baya, ya harɗe hannu, ya ce ba zai saurari akuya ba. Waƙa ta kai "wooom." Jagoda ce ta miƙa masa tawul ɗin goge kwanuka.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da ƙarfe huɗu na yamma a ɗakin taron ƙungiya. Bisa al'ada ba a binne gangar jiki, za a raba sassan da suka rage ga mabuƙata, sai dai duk wanda ya zo da sukundireba kafin a gama jawabi za a kore shi. Baƙar ƙwaya ta asali, wadda ta shekara shida a gwangwanin maɓallan Danuta, za a binne ta a tukunyar fure ta baranda. Akwai shayi da kek mai cuku. Kada a kawo furanni, a kawo sabuwar tiransifoma. Ba a karɓar ta'aziyyar da ta ƙunshi kalmar labule.

Biki yana nan ranar Asabar, amarya kuma za ta shiga da waƙar uwarta. Leszek ya janye rantsuwarsa, bisa sharaɗin a zaunar da Rysiek kusa da ƙofar banɗaki. Yana kuma roƙon duk wanda ya gan shi yana kuka a wurin kada ya zo ya raɗa masa cewa muryar jabu ce. Ya sani. Ya shekara shida yana yi mata kuka, ba yanzu zai fasa ba.