Rasuwar Sabar Shagonmu, Wadda Ake Zargin Ba Yau Ta Fara Mutuwa Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma 'yan tambayoyi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki rasuwar sabar shagonmu na ɗaukar hoto, na'urar da ke ajiye hoton duk wanda ya taɓa zama gaban kyamararmu. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan kantarta ta ƙarfe, bayan gajeruwar rashin lafiya, wai.

Ba daga kamfani marigayiyar ta fito ba. Lokacin da tsohuwar sabarmu ta ƙone, na tashi sayen haɗaɗɗiya, mai kwali da garanti. Sai ƙanin matata, mai gyaran kwamfuta, ya riƙe baki, ya ce kuɗin tambari kawai zan biya, shi zai sayo kaya sababbi dal ya haɗa mini a rabin farashi. Yayarsa, wato matata, ta ce ai ɗan'uwa ba ya cutar ɗan'uwa. Saboda tsabar kirki, har gawar tsohuwar ya ɗauke a babur don ya zubar mini.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta taɓa neman hutu ba. Kukanta ɗaya ne, "huuum", sai in zafi ya yi ta ƙara da "ƙirrr-ƙas". Tun ranar farko na ce na san muryar nan. Aka ce mini duk fanka haka take.

Da ciwo ya kama ta, na nemi rasit. Wanda aka ce shi ya sayar da allon lantarkin da ke cikinta ya ce laifin akwatin da ke ba ta wuta ne, mai akwatin wuta ya ce bai ma san ni ba, ƙanin matata kuwa wayarsa ta shiga rashin caji. Rabin farashin nan, tsakanin gyara da sake fanka, tuni ya zarce kuɗin haɗaɗɗiyar.

Wajen yi mata wanka ne na kwance murfi. Jama'a, a jikin ƙwaƙwalwarta akwai ɗigon jan farce. A kan allon ma akwai. Da hannuna na ɗiga su a kayan tsohuwar saba don gudun musanya, da kwalbar jan farcen matata. Ba na zargin kowa. Na dai nuna wa matata, ta kalli ɗigon, ta kalli yatsunta, ta ce tana da tukunya a wuta.

Ta rasu ta bar marayu, wato faifan ajiya biyu, a kwance rai a hannun Allah, ɗauke da hotunan mutane da ban riga na ba su ba, kuma idan marayun nan suka bi ta, to shagon ma ya bi ta. Ta bar kuma ƙanin matata, wanda ya iso ta'aziyya kafin in gaya wa kowa, da sukuddireba a aljihu. Wallahi raina ya ɓaci. Ya yi mini alkawarin haɗa wata a rabin farashi, ya kuma ce in bar masa gawar da marayun.

Za a karɓi gaisuwa a ƙofar shago, daga waje. Marayun suna ƙarƙashin matashina. Ni kaɗai zan kai gawar makwancinta, ba a buƙatar babur, kuma ba za a faɗi wurin ba ko ga dangi, don ba zan saye ta karo na uku ba.