Bikon Tasi'u a Kan Dala

Kun san irin mutumin da zai je Dubai saro kaya sau ɗaya, ya dawo yana tambayar yadda ake cin tuwo da hannu? To haka Tasi'u yake. Abokinmu ne tun na ƙuruciya, tare muka yi wankan kududdufi a unguwa, yanzu yana da shagon labule da kafet, ya ajiye tumbi, ya gina gida can bayan gari. Tun da ya dawo daga tafiyar nan komai na Kano ya zama ƙauyanci a wurinsa. Gaisuwa ɓata lokaci ce, zaman tabarma ciwon baya ne, fura ma sai an zuba masa a kofin gilashi. Ni dai sabo ne ya sa nake zama da shi, amma Allah ya sani yana cika ni.

Bakin nan nasa shi ya jawo masa. Ranar walimar shiga sabon gida, dangin matarsa Badi'a suka taso tun daga gindin Dala da kwanukansu na waina da alkaki, suka zo taya murna. Gogan naka yana tsaye jikin taga cikin abokai, ya buɗe murya ya ce ai mutanen gindin Dala ƙauyawan birni ne, in ba don shi ba da har yau Badi'a ba ta san ana cin shinkafa da cokali mai yatsu ba. Tagar a buɗe take. Badi'a ta ji, mahaifiyarta ta ji, gwaggonta ta ji. Washegari da hantsi Badi'a ta haɗa kayanta, ta riƙe hannun 'ya'yanta, ta koma gidansu.

Kowa ya san yadda ake biko a garin nan. Ka ɗauki wani babba naka da ɗan goro, ku je zauren surukai, ka cire takalmi, ka durƙusa gaban mahaifinta da ƙannensa. Su wanke ka tas, ka ce ka tuba, a yi addu'a, a ba ka matarka. Ban taɓa jin wanda ya mutu a kan wannan ba. Mahaifin Badi'a ma, Malam Sammani, mutum ne mai sauƙi. Saƙo ɗaya ya aika: yaron ya zo zaure ya durƙusa ya janye maganarsa, in ba haka ba 'yarsa tana nan, tuwon gidansa bai ƙare ba.

Gidan Tasi'u ya koma kango. Ya ci taliyar leda har ta fita ransa, ya rasa inda ake ajiye hularsa, dare ya yi ba motsin yara. Kuma don Allah yana son matarsa, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Da na ga ya fara zabgewa sai na same shi a shago.

Na ce, "Tasi'u, tashi mu je in raka ka. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle surukinka."

Ya ce, "Ni? In durƙusa a zaure, masu wucewa suna leƙe? Gwiwar nan tawa ba ta taɓa ƙasa sai a salla."

"To matar fa?"

"Kai ba ka waye ba. Can ƙasashen da suka ci gaba ba a sa tsofaffi cikin maganar miji da mata. Wuri ake nema mai tsayi, daga kai sai ita, rana tana faɗuwa, ka miƙa mata fure. Ko dutse ce zuciyarta sai ta narke. In ta ce za ta bi ni, wa zai hana ta?"

Na ce masa mu a nan in rana za ta faɗi alwala muke nema. Ya yi min kallon da ake wa wanda bai taɓa shiga jirgi ba.

Ashe har ya gama bincikensa a waya. Ya samo wani saurayi, Garzali, mai kai baƙi da Turawa kan Dala yana ba su tarihi. A gabana ya kira shi, ya saki murya don in ji yadda wayayyu ke magana.

"Kai ne mai hawa da mutane? Hawa na musamman nake so, ranar Asabar, daidai faɗuwar rana. Ni da madam kaɗai. Ba na son ganin ko akuya a kan dutsen."

Garzali ya ce, "Alhaji, Dala fa ba ɗakin otal ba ne da za a kama. 'Yan unguwa na hawa shan iska."

"A sauke su. Ko nawa ne zan biya."

Da jin haka muryar Garzali ta canja. "An gama, ranka ya daɗe! Ko tsuntsu ya zo wucewa sai ya kewaye."

Daga nan Tasi'u ya tura wa Badi'a saƙo, wai ta same shi a gindin matakala bayan la'asar, kar ta gaya wa kowa. Shi a wayewarsa ya manta cewa matar da ke yaji ba ta leƙa ko ƙofar gida sai da sanin manya. Badi'a ta miƙa wa Gwaggo Yalwa wayar. Gwaggo Yalwa yayar Malam Sammani ce, tsohuwa busasshiya mai ɗan karen baki, wadda ko Malam ɗin ba ya ja da ita. Aka karanta mata. Ta ce, "Madalla. Ce masa kina zuwa."

Shi kuma Garzali, da yake ya ci kuɗin mutane, ya tashi haiƙan ya cika alkawari. Tun ranar Alhamis ya bi majalisa majalisa, ya bi masu shayi da masu faci, ya bi 'yan ƙwallo, yana roƙonsu: don Allah ranar Asabar da yamma kar kowa ya hau Dala, wani Alhaji ya kama dutsen zai lallashi matarsa. To jama'a, in kana son tara Kanawa a wuri, akwai dabarar da ta fi ka ce musu kar su zo? Kafin Juma'a labari ya shiga kasuwa ya yi 'ya'ya. Ni da kunnena na ji ana cewa wani Balarabe ne ya sayi Dala zai ɗaura aure a kai. Wani ya ce jirgi mai saukar ungulu ne zai kawo amaryar.

Ranar Asabar ni na tuƙa shi, don ya ce ba ya son sitiyari ya ɓata masa guga. Ya sha shadda fara ƙal mai sitaci, babbar riga har ƙasa, takalmi sau-ciki mai santsi, turare kuwa sai da na sauke gilashi. A hannunsa ga furen roba ja, ga ƙaramin kafet daga shagonsa wanda za su zauna a kai. Duk hanya yana bitar jawabin da zai yi.

Tun daga nesa na ga abin da na gani. Kan Dala baƙi ƙirin da mutane. Gefen matakala mutane, kan katangu mutane, kan soraye mata sun yi sahu da mayafansu. Mai rake ya kafa baro, mai awara ta hura wuta.

Tasi'u ya fito daga mota ya damƙi hannun Garzali. "Kai! Mene ne wannan? Ba na ce ni da madam kaɗai ba?"

Garzali yana share gumi ya ce, "Wallahi Alhaji kowa sai da na gaya masa. Gida gida na bi."

Kafin ya samu bakin zagi sai ga Badi'a ta ɓullo daga lungu cikin mayafinta, ba ta ko dubi inda yake ba. A gabanta Gwaggo Yalwa ce, da carbi a hannu da silifas ɗin roba, bayansu kuma matan gidan ne reras.

Tasi'u ya ɗan rusuna, irin rusunawar da wuya kaɗai ke yi. "Gwaggo, ina wuni. Ai da kin huta, hawan da wuya."

Ta ce, "A'a, Alhaji. Mu ƙauyawa an ce yau za a nuna wayewa a kan dutsenmu, ka ga kuwa bai kamata a ba mu labari ba. Bismilla, wuce gaba."

Juyawa ba dama, idon duniya na kansa. Ya tattare riga ya fara hawa. Da farko da ƙarfinsa, har yana ɗaga wa mutane fure. Garzali na gefensa yana zuba tarihi kamar yadda ya saba, labarin mutanen farko da suka zauna a kan dutsen da yadda gari ya faro daga gindinsa. Ba a yi nisa ba numfashin Tasi'u ya fara fita da ƙara. Sitacin shadda ya jiƙe ya manne masa a baya. Ya miƙa wa Garzali kafet. Can gaba kaɗan ya miƙa masa hula. Da Garzali ya ce, "Alhaji, in ka duba ta nan za ka hango..." sai ya ce, "Rufe min baki da tarihin nan, riƙe ni!"

Gwaggo Yalwa ta zo ta gefensa tana jan carbi, ko haki ba ta yi. Ta ce, "Sannu, Alhaji," ta wuce. Badi'a ta wuce. Matan gidan suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kowacce da tata sannun, har da mai goyo. Mutanen kan katanga suka ɗauka, "Sannu Alhaji! Saura kaɗan, Alhaji!" Wani mara kunya daga sama ya ce ko a kawo baron mai rake.

Ni ina biye da shi a baya, ina jin kunya kamar ni na yi. Amma in faɗi gaskiya ban ji tausayinsa ba ko ɗaya. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Rana kuwa ba ta san an kama dutse ba, tafiyarta kawai take yi. Ta yi ja, ta sauka kan rufin gidaje, ta fara nutsewa, gogan naka bai kai ba. Ya ga dai za a yi ba shi, ya yunƙura da sauran ƙarfinsa, sai takalmin nan mai santsi ya taka bakin babbar riga. Ji kake tim! Saura 'yan matakala kaɗan ya kai sama, ya zube a kan gwiwoyinsa biyu, hannuwa a ƙasa, furen roba ya gangara. Ya yi ya yi ya miƙe, ƙafafu suka ce ba da su ba. Daidai nan masallatan gari suka ɗauki kiran magariba, kowa a kan dutse kuma ya zuba masa ido.

Da ya ɗaga kai, Gwaggo Yalwa ce zaune a matakalar ƙarshe, saitin goshinsa, Badi'a na tsaye a bayanta ta rufe baki da gefen mayafi. Ban sani ba ko kuka take ko dariya.

Shi ɗan kasuwa ko a ƙasa yake ba ya son tashi hannu wofi. Da na ƙaraso gefensa na ga idonsa ya yi wani ƙyalli, alamar lissafi ya zo masa: tun da dai gwiwa ta riga ta taɓa ƙasa, me zai sa a yi asararta? Ya gyara durƙuso, ya haɗa hannuwa, ya marairaice murya yana haki.

"Gwaggo... an ce sai na durƙusa. To ga ni... a durƙushe, gaban jama'a. A gaya wa Malam... na cika sharaɗi. A ba ni matata mu tafi."

Gwaggo Yalwa ta ƙare masa kallo tun daga tumbi har gwiwa. Ta sa carbinta a wuya, ta miƙe, ta kama hannun Badi'a.

Ta ce, "Alhaji, ai ba mu muka durƙusar da kai ba, Dala ce. Ita Dalar za ka lallasa, in ta yarda ta bi ka gida mu ba mu hana ba."