Batirin Basfata Ya Zama Gidan Wuta

Jama'a, jiya na yi asarar kwando guda na karfasa, kuma ci-gaba ne ya ja mini.

Kifi nake sarowa daga Tiga a basfata, in bi ƙauyuka. Matan gida ba sa ganina, hon ɗina suke ji su aiko da kwano. To, hon ya fara dishewa kamar zakara mai mura, na garzaya wajen Rufa'i makanike. Ya kankare farin gishirin da ya taru a kan batir, ya ƙara masa ruwa, ya goga waya biyu. Tartsatsin da ya fito ko taba ba zai kunna ba.

"Malam Uba, batirinka lafiyarsa ƙalau, yunwa yake ji. Wayar da inji ke ciyar da shi ce ta tsinke."

Ya ɗaure ta, na yi ta zagaya gari da ɗan man da na sha layi na samo, har batir ya ƙoshi, hon ya dawo da muryarsa.

Ana haka sai ga 'yan kwamitin tarba. Wai Mai Girma Hasken Talakawa, Allah ya ja zamaninsa, zai zo buɗe lantarkin garinmu. Turaku kam an kafa tun zaɓen baya, har kurciyoyi sun yi jikoki a kansu. Waya ce kawai ba ta iso ba, ganin Dala kuwa ba shiga birni ba ne.

"Aron batirinka za ka ba mu, Malam Uba, don kishin gari."

Wa ya isa ya ce a'a? Aka ɓoye shi a ƙarƙashin teburin manya, aka jona masa ƙwan fitila da lasifika. Mai Girma ya danna maɓalli, ƙwai ya kama, aka rangaɗa guɗa. Sai ya shiga jawabi. Ina kallon ƙwan yana yin ja. Daidai inda ya ce duhu ya ƙare har abada, lasifika ta yi gum, ƙwai ya mutu. Dama kayan aro ba ya rufe katara.

Na je karɓar abina, sakataren kwamiti ya ce ai an riga an ƙaddamar da shi, ya zama kayan hukuma. "Kuma a matsayinka na mai gidan wuta, za ka zo ka yi bayanin wannan zagon ƙasa."

Basfa tana tashi da kik ɗin ƙafa ko ba batir, hon ne ba ya yi. Jiya haka na bi ƙauyuka ina "fiif-fiif" da baki. Ko kwano ɗaya ba a aiko ba. A Ba'awa wata tsohuwa ta leƙo ta yi mini addu'ar samun sauƙi. Kafin la'asar kifi ya ruɓe.

Na dawo raina a ɓace, sai ga maƙwabcina Surajo a ƙofar gida.

"Malam Uba, yaushe za ku dawo mana da wuta?"

Na gyara zaman hula, na ce, "Ku ƙara haƙuri, muna sane."

Wallahi da daɗin faɗa. Ashe shi ya sa manya ba sa gajiya da shi.