Bulon da na sa wa ƙullun waina

Ban yafe wa malaminmu na ajin manya ba. Shi ya ce a Turai ana kumbura siminti da iska, buhu guda ya yi aikin biyu. To, ni da na shekara ashirin ina kumbura waina a Tsafe, wa zai koya mini?

Maigidana mai buga bulo ne, tsadar siminti na neman karya shi. Yana tafiya sallar azahar na juye masa ƙwaryar ƙullu mai tsami a kwaɓi. Bulo bai tashi ba, sai rugurgujewa, awakin unguwa kuma suka yi layin lasa.

Har yau in na shiga kasuwa sai an ce, "Inna, a zubo mana bulo uku, masu zafi!"