Yadda Za Ka Zama Gwanin Samfula Ba Tare da Ta Yi Ko Tari Ba

Kai da ka daɗe kana kaɗa yatsa a kan tebur kana jin duniya ta yi asarar makaɗi, matso kusa. Wannan jagora ta yi maka alkawari, babu kokwanto: in ka bi matakan nan, dangi za su fara kiranka Furodusa, maƙwabta su riƙa rage murya in sun zo wucewa ta tagarka, duk ba tare da ka fitar da sauti ko guda ba.

Samfula ɗan akwati ne mai faɗin tire, da jerin maɓallan roba, da ɗan allo, da ramuka a baya. Aikinta ta ɗauki sauti, ka datse shi, ka ɗora a kan maɓalli, ka jera wannan bayan wancan har su zama kiɗa. Wannan bayanin ya ishe ka. Duk abin da ya wuce shi ilimi ne, ilimi kuwa shi muke gudu.

Za mu yi koyi da wani mutum da ake kira Mai Fenti, ma'aikaci a shagon haɗa launi, mijin tela, uban 'yan biyu. Ya faro da kyau ƙwarai. Inda ya saki hanya ma za a nuna maka, don ka kiyaye.

Mataki na 1: Sayi ta hannu, kuma kar ka gwada

Gwaji alamar rashin sani ne. Gwani kallo ɗaya yake yi.

Mai Fenti ya sami tasa a shagon tsofaffin kayan lantarki, tsakanin wani dutsen guga da fanka mai karyayyen wuya. Ya ɗaga ta, ya girgiza ta kusa da kunne, ya ce, "Hmm."

Dillali ya ce, "Ranka ya daɗe, da gani ka san kaya. In jona maka ka ji?"

"Bar shi kawai. Haɗa fenti da haɗa kiɗa ai duk haɗi ne."

Dillali ya naɗe masa ita da saurin wanda ke tsoron mai saye ya farka. Littafin bayanin da aka haɗo masa kuwa bai yi zaman banza ba, don teburinsa ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta.

Mataki na 2: Kama ɗaki, ka yi alkawari a gaban shaidu

Ɗakin da ya dace da kai shi ne wanda wani ke amfani da shi. A gidan Mai Fenti, ƙaramin ɗakin da matarsa ke ɗinki ne.

Ya ce, "Maman Biyu, shi sauti bango yake so da ƙofa."

Ta ce, "Shi kuma keke iska yake so ke nan?"

Duk da haka ta kama masa suka fito da keken ɗinkin, aka jingina shi a lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki, inda sai ta kanne ido kafin zare ya shiga allura.

Ana haka sai ga yayarsa, wadda ke shirin buɗe shagon takalma. Ta leƙa ɗakin, ta ga wayoyi sun cika ƙasa.

"Auta, ashe da gaske ne? To ga aiki ya samu. Talla nake so, muryata a sama, kiɗanka a ƙasa, a sa a lasifika a ƙofar shago ranar buɗewa."

"Wannan ai wasan yara ne, Yaya."

Kafin ta kai bakin titi, dangi na kusa da na nesa duk sun ji a waya. Haka ake so. Suna ya riga aiki fita.

Mataki na 3: In ta ƙi magana, nemo mai laifi

Za ka jona ta, fitilu su kama ja da kore, ka danna maɓalli, ka ji shiru. Kar ka firgita. Masu laifi suna da yawa: wutar unguwarku ba ta da ƙarfi, wayar jabu ce, lasifikar ba ta kai matsayin na'urar ba, ko kuma na'urar ba ta saba da iskar garin ba tukuna.

Mai Fenti ya yi amfani da su duka, bi da bi. In ya ji sallamar baƙo, sai ya kifa abin ji a kunne, ya lumshe ido, yana gyaɗa kai yana danne-danne. Abin da yake ji a ciki bai wuce bugun jininsa ba.

Abokinsa mai walda ya taɓa cewa, "Furodusa, ɗan sammini in ji mana."

Ya ɗaga masa hannu. "Ɗanye ne. Kai kana bari a jingina da ƙofa kafin walda ta huce?"

Mai walda ya fita yana cewa lallai kowane aiki da sirrinsa. Ka ga gwaninta.

Mataki na 4: Duk abin da ta tambaye ka, ce mata eh

Wata rana allon zai ce yana son katin ajiya. Kar ka wahalar da kanka zuwa kasuwa. Kowane gida akwai kati, a aljihun tebur ko a cikin tsohuwar kyamara.

Mai Fenti ya zaro nasa daga kyamarar da ke cikin durowar matarsa, da niyyar mayarwa kafin a lura. Da ya zura, allon ya rubuto wata doguwar tambaya, ga eh ga a'a a ƙasa. Tambayar cewa take: a share duk abin da ke cikin katin? Amma gwani ba ya karanta tambaya har ƙarshe. Ya danna eh. Ta sake tambaya ko ya tabbata. Ya ji haushin raini, ya danna da ƙarfi.

Daga nan ya yi ta danna jan maɓallin ɗauka, kullum in ya dawo aiki, har allon ya ce kati ya cika. Ya ji daɗi, ya ce aiki na tafiya.

Mataki na 5: Kar ka taɓa cewa "ni ne"

Nan aka fara samun matsala, sai ka natsu.

Wata safiya 'yan biyu suka tambayi uwarsu wai kakarsu da wa ta yi kama. Ta ce su jira ta nuna musu. Ta ɗauko kyamara, babu kati. Mai Fenti ya miƙo mata shi yana murmushin an-kama-ni. Ta zura, ta danna, ta sake dannawa.

"Baban Biyu, ina Inna?"

"Wace Inna?"

"Innata. A nan take, tana riƙe da yaran nan suna jarirai, tana musu waƙa. Shi ke nan abin da nake da shi mai muryarta."

Tsohuwar ta rasu tun kafin yaran su yi wayo.

Amsar da jagora ta tanada a nan mai sauƙi ce: kati ya tsufa, zafi ya taɓa shi, ko yara sun yi wasa da shi. Mai Fenti ya buɗe baki zai zaɓi ɗaya. Ya dube ta riƙe da kyamarar, sai ya fasa.

Ya ce, "Ni ne."

Ya ruga da katin wurin mai gyaran waya. Mutumin ya duba, ya ce da sharewa kawai aka yi da an ceto wani abu, amma an yi ta ɗora sabon ɗauka a kai. Suka kunna sabon ɗaukan su ji. Babu komai a ciki. Ya goge muryar surukarsa, ya cika gurbinta da shiru. Ya bi 'yan'uwan matarsa ɗaya bayan ɗaya a waya, aka samo hotuna nan da can, amma waƙar babu mai ita.

Maman Biyu ba ta yi faɗa ba. Ta koma lungunta ta ci gaba da taka keke. Da ta zage shi, da ya fi samun sauƙi.

Mataki na 6: Kar ka juya ta ka dubi bayanta

Mai Fenti ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Babu baƙon da zai yi wa gyaɗa kai. Ya zauna ya zuba wa na'urar ido, ya ji in har ta ci masa abu mai girma haka, ba zai yarda a ce a banza ta ci ba. Sai ya aikata abin da ya rushe shi: ya juya ta.

A saman kowane rami akwai ɗan rubutu. Wasu na shiga, wasu na fita. Wayar lasifika tana ramin shiga, ta makirfo tana ramin fita. Tun ranar farko.

Ya musanya su. Makirfo na fuskantar lasifika, don haka abin da ya fara fitowa wata ƙara ce mai tsinin allura, wadda ta sa karen maƙwabta haushi, 'yan biyu suka toshe kunne. Shi kuwa ya tsaya, idonsa ya kawo ruwa. Ya kau da makirfon, ya ƙwanƙwasa murfin gwangwanin fenti, ya danna maɓalli. Gwangwani ya amsa masa daga lasifika.

Mataki na 7: In ta fara aiki, ka tsaya nan, shi bai tsaya ba

Yaya ta zo ta yi tallarta da muryar kiran mai mota daga tsallaken titi. Jar fitila ta yi ta walƙiya, sauti ya fito a farfashe. Maimakon ya ce salo ne, sai ya rage ƙarfin ɗauka, ya roƙe ta ta ja baya kaɗan.

Da ya danna, muryarta ta fito a shaƙe kamar ta ɓera. Ya murɗa wani abu, ta koma ta bijimi. Yaya ta ce, "Auta, in ka fitar da ni haka a gaban mutane, ni da kai ne." Ya yi ta murɗawa a hankali har Yaya ta dawo Yaya.

Sai kiɗan ya riƙa ɗingishi. Kowane bugu yana makara kaɗan. Ya ƙura wa allo ido har ya gano ɗan shirun da ke gaban kowane sauti, ya koyi datse shi. Amma ƙashin bayan kiɗan ya ƙi samuwa, don yatsansa ba ya riƙe lokaci. Yana zaune ya dafe kai, sai ya ji abin da ke riƙe lokaci a gidan tun da daɗewa: keke, daga lungu, ba ya gaba ba ya baya.

Ya fito da makirfo a hannu, ya tsaya nesa kaɗan. "Maman Biyu, in ɗauki ƙarar kekenki?"

Ba ta ɗago ba. "Yau tambaya ake yi kafin a ɗauka? An samu ci gaba." Ta ci gaba da takawa, amma ya lura ta daidaita ƙafarta.

Mataki na 8: Kar ka ajiye aikinka

Maɓallin ajiya na matsorata ne. Wannan matakin kam Mai Fenti ya bi shi da aminci. Ana gobe buɗe shago, da rana tsaka, ya kammala komai, ya miƙe zai kira Yaya, sai aka ɗauke wuta. Da ta dawo, maɓallan duk fayau.

Ga uzuri an kawo masa har gida, wanda babu mai musa shi. Ya ƙi karɓa. Ya sake ƙwanƙwasa gwangwani, ya sake roƙon keke, ya je har shago ya ɗauko muryar Yaya tana tsakiyar jera kwalaye. Abin haushin ma, wannan karon ya fi sauri.

Mataki na 9: Ranar biyan alkawari, kwanta ciwo

Shi zuwa ya yi. Ya jona lasifika a ƙofar shago, ya danna maɓalli. Keke ya kama, gwangwani ya shigo, Yaya ta rangaɗa tallar takalmanta a kai.

Babu wanda ya suma. Wasu yara suka ɗan taka. Mai kantin magani na kusa ya leƙo ya ce a rage. Yaya ta ce a ƙara, ta juya tana neman ɗaya ƙafar wani silifa. Mai walda ya saurara ya ce, "Au, dama wannan ne?" Daga ranar aka daina kiransa Furodusa. Mutumin da aka ji aikinsa ai ya zama kamar kowa.

Maman Biyu ta tsaya a gefe har tallar ta zagayo. A hanyar gida ta ce, "Kar ka ɗauka na huce."

"Ban ɗauka ba."

"Babana yana nan da ransa. Ka ɗauki akwatin nan naka ka je ka ɗauko mini muryarsa."

Washegari ya je. Tsohon yana zaune a baranda, ya dubi makirfon kamar za a yi masa allura.

"To me zan ce?"

"Komai ma, Baba."

Tsohon ya yi gyaran murya, ya faɗi sunansa. Can sai ya fara ba da labarin ranar da ya fara ganin Inna a tashar mota, tana faɗa da kwandasta a kan jakarta. Ya yi dariya har da tari. Ya ce akwai wata waƙa da take wa jarirai, shi bai iya ta ba, amma bari ya gwada. Ya yi ta a karkace, ya manta tsakiyarta, ya cike da gunguni. Mai Fenti bai datse komai ba. Ya danna ajiya, ya jira allon ya tabbatar, sannan ya numfasa.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya same ka: katin da ka goge, kunnen da ka kashe, maƙwabcin da ya daina amsa gaisuwarka. In ka bi matakan ka zama gwani, basirarka ce. In kuma ka kauce kamar Mai Fenti, ka wayi gari ka iya abin da gaske, kana yawo gidajen tsofaffin dangi da makirfo, kowa na cewa nasa ya fi gaggawa, to kar ka nemi ofishinmu. Ba mu da ofis, kuma mu tamu samfular har yau ba mu fitar da ita daga kwali ba.