Cindo da Jimlolin Turawa

A Kwanar Ɗinya an yi wata mata, Tabawa mai man gyaɗa, wadda ko mijinta bai taɓa cin ta a ciniki ba har ya koma ga Allah. Ya bar mata gona a bakin fadama da ɗa guda, Cindo, ƙato har da gemu, wanda in ka ce masa tsaya nan, to a nan damina za ta same shi. Ko sadakar arba'in ba a yi ba, Mati ƙanen mamacin ya shiga bin zauruka yana cewa wawa ba ya riƙon gona, a ba shi ya riƙe. Dagaci ya ce bayan girbi za a gwada hankalin yaron. Tabawa ta ce ita dai ba ta taɓa jin an kira mai Turanci wawa ba. Ta ja shi ajin Malam Haladu mai koyar da Turanci, ta yi ciniki har malam ya yi gumi, aka tsaya a kan kwalbar mai duk Juma'a.

Wata rana malam ya ce jimlar Turawa iri-iri ce. Akwai mai tsayuwa ita kaɗai, akwai biyu da aka ɗaure wuri guda, akwai mai goye da wani guntu da ba ya iya tsayuwa da kansa. "In ka je gida ka duba da kyau, duk wanda ba ya iya tsayuwa da kansa ka ja masa layi a ƙasa." Cindo ya sami gawayi. Ya ja wa tsani, ya ja wa katangar da aka tokare da itace, ya ja wa jinjirin maƙwabta. Sannan ya durƙusa gaban uwarsa tana suyar ƙuli, ya ja mata nata.

"Kai! Ni kuma me na yi?"

"Baffa ya ce tun da Baba ya rasu ba kya iya tsayuwa da kanki, Inna."

Ta murje layin da tafin ƙafa. Ƙulin ranar ya ƙone, kuma a haka ta sayar da shi, ba ragi.

Wata rana kuma malam ya ara masa littafi, ya ce doguwar jimla sai an yanka ta a gaɓa kafin a gane irinta. Washegari Cindo ya dawo da littafin a cikin ƙwarya, ya bi shi da reza layi-layi, har da hoton bangon. Malam ya zo gida yana huci, wai sai an biya shi sabo.

"Sabo ka ba shi?" in ji Tabawa. "Littafin da ɓera ya fara ci? Kuma wa ya ce a yanka?"

A kan tsohuwar kaza aka rabu. Da malam ya fita ta zauna bakin murhu, ta daɗe ba ta hura wuta ba.

Wata rana, ana gobe gwaji, malam ya ce masa, "Ka samo doguwar jimla daga bakin wani, kamar yadda ya faɗa, ba ƙari ba ragi. Gobe a gaban dagaci sai mu juya ta Turanci, ka faɗi irinta." Da gari ya waye aka cika ƙofar fada. Tabawa ta sha sabon zane, ta tsaya bayan maza, kai a sama. Malam ya ce ya kawo jimlarsa. Cindo ya miƙe, ya gyara murya, sai ga muryar Mati sak:

"In dagaci ya yarda yaron wawa ne zan karɓi gonar, kai kuma ka kawo mai saye kafin ruwan fari, tsohuwar ta ci kanta."

Dagaci ya ce, "A bakin wa ka ji?"

"Baffa, ranka ya daɗe, shi da dillali, jiya a bayan masallaci. Jimlar mai goyo ce, amma Turancin ban iya ba."

Mati ya zabura yana rantsuwa, sharri ne, shiri ne. Dagaci ya ce, "Mati, tun rasuwar wanka kake cewa yaron nan ko akuya ba a ba shi kiwo. Yau kuma ya sami wayon shirya maka ƙarya? Kowa a nan ya san kansa bai kai nan ba." Aka kwashe da dariya. Aka bar gona a hannun Tabawa.

A hanya Cindo yana ta tsalle. "Inna, na ci ko? An ce ina da hankali?"

Ta ja gyale ta rufe rabin fuska. "An ce gonar tamu ce. Wuce mu tafi."