Yaƙin Tanimu da Zaton Farfesoshi Biyu

Da sunan Mai ƙaddara nasara da kashi, ga tarihin Tanimu ɗan Ilu, jikan Barau ma'aunin hatsi, tattaɓa-kunnen Jatau wanda bai taɓa kuskuren faɗin ranar saukar damina ba sai a shekarun da ya kuskure. Gagarabadau na ɗakin kwamfuta! Sarkin yaƙin alƙaluma, bajimin da furfura ta riga digiri na uku isa gare shi!

Alƙissa, binciken wannan mujahidi shi ne ko wani sabon taki yana ƙara yabanyar gero, makaminsa kuwa manhajar lissafin Bayes, wata la'ananniyar halitta da ba ta motsi sai ka fara faɗa mata zatonka, sannan ta gauraya shi da bayanan gona ta yanke hukunci. To ga musiba: malamai biyu ke duba kundinsa, kuma ba digiri sai duk sun sa hannu. Farfesa Mijinyawa ya rantse takin zai ninka amfani. Farfesa Bawale ya ce toka ma ta fi shi. Ko gaisawa ba sa yi, kuma kowannensu ya ba da umarni a sa zatonsa a manhajar.

Wane ɗa mai tarbiyya ne zai dubi idon malaminsa ya ce ya ajiye zatonsa gefe? Haba! Sai gwarzon ya kafa sansani biyu, kowane zato da ma'ajiyarsa, ya zama in ya jiyo takun Mijinyawa ya ɗora nasa, in ya jiyo tarin Bawale ya yi wuf ya sauya, yana durƙuso yana "Allah ya gafarta Malam, naka ne a kai," alhali tsabar tsoro bai taɓa barin lissafin ya kai ƙarshe ba. Wallahi ya ba ni tausayi.

Ranar sa hannu, takun da tarin suka iso ƙofa tare.

"Ya Salamu sallim!" in ji Tanimu, ya saki rundunonin biyu gaba ɗaya. Aka yi gumurzu irin wanda marubuta tarihi suka gaza siffantawa, lambobi na hawan lambobi, sahu na karya sahu, fankar kwamfuta na kururuwa, gumi na bin ƙeyar jarumi har cikin singileti, shehunan nan biyu kuwa kowa ya gyara hula yana jiran a tozarta abokin gabarsa.

Sai sakamakon kowane zato ya fito, iri ɗaya sak. Ashe gonakin da Tanimu ya yi ta aunawa, daga Gwarzo har Ƙaraye, sun yi yawan da suka danne zaton kowa. Takin yana ƙara yabanya, amma ɗan kaɗan. Bai ninka ba, bai kuma zama toka ba.

Mijinyawa ya juya ga Bawale. "Farfesa, ka ga rashin kunya?"

"Na gani, Farfesa. Yaro ya tara bayanai har sun fi ƙarfin manya."

Nan take, a karon farko a tarihin sashen, suka yi ittifaƙi: Tanimu ya je ya rage gonakin har sai na'urar ta koyi ladabi. Suka shiga mota ɗaya suka tafi cin masa, suka bar Sarkin Yaƙi a durƙushe, riƙe da biro, yana musu a sauka lafiya.